Yayana Shi Kaɗai Ya Bi Hannun Dama

Malam Edita, gaisuwa da fatan alheri. Na tsufa, ido ya yi rauni, amma akwai abin da nake so in sauke daga ƙirjina tun da sauran numfashi, ko wani ya karanta ya amfana. Ba zan kama sunan kowa ba.

A wancan lokaci ni saurayi ne ɗan Jibiya mai ji da kansa. Turawa ba su daɗe da shata iyaka tsakaninmu da 'yan'uwanmu na Maraɗi ba, tsofaffi ma ba su gama yarda akwai ta ba. Ina aikin awon gyaɗa a kantin wani Bature a Katsina, da abin da na tara na sayi keke baƙi wuluk mai ƙararrawa. In na zo gida na ratsa kasuwa ina kaɗa ta, yara na bina a guje, sai in ji ƙasa ta yi mini kaɗan. Mu biyar ne masu keke a ƙungiyarmu, ni ne kuma mai baki a ciki. Ni na kawo shawarar mu yi abin da ba a taɓa yi ba a garinmu, mu hau kekunan nan mu ratsa ƙasar Faransi, Maraɗi, Tasawa, har birnin Damagaram, mu dawo a yi ta ba da labarinmu.

Inna ta ce atafau ba zan je ba sai da Yaya. Yayan nan nawa masaƙi ne, mutum mai sanyi, da matarsa da 'ya'ya biyu. Wuni yake zaune a masaƙa, ƙafafunsa na taka igiya, hannu na jefa ƙoshiya, bai taɓa sha'awar keke ba. Amma maganar Inna ba ta faɗuwa ƙasa a wurinsa. Muka aro masa keke, na koya masa hawa a fakon bayan gari, ya yi ta faɗuwa yana tashi, gwiwoyinsa duk suka kurje. Ranar tafiya Inna ta riƙe hannunsa ta ce ta ba shi amanata, don ta san kaina da rawa. Ban ji ta ba ni amanarsa ba, don ba wanda ya zaci shi ne mai bukata.

Da muka wuce Magama muka isa rumfar 'yan duwan, masu tsaron iyaka na Faransi. Ni na shige gaba da takardar izinin wucewa, wadda su suke kira lasafase, ina ta kumbura murya don a san ni ne jagora. Yaya kuwa ya jingine kekensa ya je ya durƙusa gaban wani tsoho da ke zaune a gindin bedi, tsohon sojan Faransi ne mai ido ɗaya. Suka daɗe suna magana. Da muka hau hanya sai Yaya ya matso kusa da ni ya ce tsohon ya gargaɗe shi, wai a ƙasar Faransi hannun dama ake bi, ba hagu ba kamar a wajenmu a wancan zamani. Na yi dariya har na kusa faɗuwa. Na ce masa hanya ai hanya ce, ni da nake gogayya da motocin Turawa a Katsina, wanda ya koyi keke shekaranjiya ne zai koya mini hannu? Sauran suka taya ni dariya. Yaya ya koma baya, ya kama gefen dama shi kaɗai. Daga ranar muka sa masa suna Bafaranshe.

Gaskiya tafiyar ba ta yi daɗin da na zana musu ba. Yashi ya hana mu sakat, rabin hanya tura kekunan muke yi. Ƙaya kuwa ba a magana, faci kan faci, har wani cikinmu ya cusa ciyawa a tayarsa. Ga tsoro. A kan hanya muna cin karo da mutanen da aka kamo aikin dole suna fasa dutse, gardi, wato dogaran Faransi masu jar hula, na tsaye kansu da bulala, suna bin kekunanmu da wani irin kallo. An ce mana in mun zo gaban barikin kumandan, Baturen mulkinsu, mu sauka mu cire hula, in ba haka ba mu kwana a gidan kaso. Kullum gabana na faɗuwa, amma ina ɓoyewa da surutu. Duk da haka mun ga duniya. Fulani sun shayar da mu nono a ruga don kawai su taɓa ƙararrawa. Mun ci kasuwar Maraɗi, mun kwana a zauren wani mahauci a Tasawa, mun ga duwatsun Damagaram da burodinsu dogo kamar sanda. Yaya ya wuni a layin masu tufafi yana juya saƙi yana duba zare, ya ce in mun koma akwai wani zubi da zai gwada. Maganar hannu kuwa ba ta sake tasowa ba, don motoci ba su da yawa a lokacin, kuma duk wadda muka jiyo daga nesa sai mu sauka mu shige daji har ta wuce. Raƙumi da jaki ba ruwansu da dama ko hagu. Na ƙara sakankancewa ni ne mai gaskiya.

A hanyar dawowa ne, mun kusa Maraɗi, da hantsi. Hanyar ta gangaro ta yi kwana a bayan wani tudu mai duhuwar sabara, iska na kaɗa mu a fuska, ba mu ji komai ba. Ina gaba, ina sheƙa gudu don karon farko mun samu ƙasa mai tauri. Sai ga mota a gabana. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba, na karkata hagu ina ƙwala wa sauran kira su bi hagu. Huɗun suka biyo ni. Direban yana gefensa na dama, wato daidai inda muka tattaru mu biyar. Da ya ga zai kwashe mu gaba ɗaya sai ya murɗe sitiyari zuwa ɗaya gefen, inda ya zaci ba kowa. Yaya yana can.

Ban san yadda na isa wurinsa ba. Keken ya lanƙwashe, ƙafarsa ta dama daga gwiwa zuwa ƙasa ta juya inda ba ta juyawa, ƙashi ya huda fata. Yana ta salati a hankali. Baturen da ke cikin motar ya fito yana faɗa da harshensu, amma ya sa aka ɗauki Yaya zuwa wurin likitansu a Maraɗi. A can tafinta ya ja ni gefe ya faɗa mini abin da na riga na sani. Ya ce direba ya ba da shaida, duk cikinmu mutum ɗaya ne yake kan daidai, shi ne wannan da ke kwance. Sannan ya ce likita zai yanke ƙafar daga gwiwa, in ba haka ba za ta ruɓe ta tafi da ransa.

Masaƙi da ƙafa yake ci. Na shiga na faɗa wa Yaya. Ya ce in kai shi gida, akwai maɗori a Riko, kusa da garinmu, wanda ya taɓa ɗora kawunmu. Tafinta ya ce in mun fita da shi, jininsa na wuyanmu. Na rasa inda zan sa kaina. In na bar shi, ni na yanke masa ƙafa, in na ɗauke shi ya mutu a hanya, ni na kashe shi. Muka bar kekunan a gidan wani farke, muka samo gadon kara, muka ɗora shi a ka, muna canji. Bazara ce, rana kamar ta faɗo. Zazzaɓi ya rufe shi, yana kiran sunan 'ya'yansa. Duk inda muka sauke shi sai in sunkuya in shinshina tsumman da aka naɗe ƙafar, ina roƙon Allah kada in ji wari. Ƙudaje suna bin mu, ina kora, ina kuka ba tare da kunya ba. A duk rayuwata ban taɓa jin tsoro irin na wannan hanya ba.

Da muka iso rumfar iyaka aka sauke shi a inuwa, aka ɗiga masa ruwa, hankalinsa ya ɗan dawo. Ya yafito mu duka biyar. Ya ce, "In Inna ta tambaya, ni na kauce. Ku biyar kun bi gefe guda, ni ɗai na bi nawa. Wanga ai ba ƙarya ba ce." Na ce ba zan yarda ba. Ya ce in Inna ta san gaskiya za ta yi mini baki, kuma shi ba zai ɗauki karaya da ɗan'uwa la'ananne a lokaci guda ba. Ya sa muka yi masa alkawari.

Allah ya yi da sauran kwana. Maɗorin Riko ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙafa ba ta ruɓe ba, ba a yanke ta ba. Amma ta warke a gajarce, idon sawun ya sandare. Da ya samu sauƙi ya sa aka kai shi masaƙa, ya zauna, ya sa yatsan ƙafa a igiya, ya taka, ƙafar ta ƙi. Ya gwada har la'asar. Daga nan ya kwance masaƙar da hannunsa ya ba wani maƙwabci, ya koma sayar da zare a bakin kasuwa, yana ɗingishi har ƙarshen ransa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so matasa su ji. In ka shiga ƙasar da ba taka ba, ka durƙusa ka tambayi na gida yadda ake bi, tambaya ba ta rage wa kowa tsawo. Kada ka ja mutane a hanyar da kai ma baƙo ne a cikinta. In kuma kun yi yawa a gefe guda, kuka ga mutum ɗaya ya ware, kada ku yi saurin yi masa dariya, yawa ba shi ne gaskiya ba, kuma sau da yawa kuskuren mai baki a kan mai shiru yake sauka.

Inna ta rayu shekaru bayan wannan. Duk baƙon da ya tambayi abin da ya sami ƙafar Yaya, sai ta girgiza kai ta ce taurin kai ne, ƙanensa ya nuna masa hanya ya ƙi bi. Yaya yana zaune yana murmushi, ni ina zaune kaina a ƙasa. Da haka ta rasu, tana sa mini albarka.