Sikelin Yaya Da Nauyin Ɗana

Daga Kende zuwa Tsamiya

Ana sallame sallar asuba na goya Bashiru muka fito. Shekararsa bakwai, amma ƙafafunsa sun soma ƙin ɗaukarsa, in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa kamar tsoho. Ciwon shanyewar tsoka ne, na gado, shi ya kwantar da ƙanen uwarsa har ya kai shi kushewa.

Wata biyu kafin nan, likitar wata ƙungiyar agaji da ke Kandi, cikin ƙasar Benin, ta kira ni ta ce an samo masa magani na ƙarin ruwa. Ba ya warkarwa, amma yana iya riƙe ƙafar yaro ta daɗe tana tafiya. Gwargwadon nauyin yaro ake haɗo shi daga Turai, don haka in auna shi in faɗa mata. Ni ina na ga ma'aunin asibiti? Rumfar yayana Mamman, mai sayen shinkafa shanshera, na kai shi. Muka zaunar da shi cikin buhu muka rataya a ƙugiyar sikeli, jama'a na dariya, shi ma yana dariya. Yaya da bakinsa ya karanta mini: kilo ashirin.

Bakwai saura kwata muka samu mota a Bagudo, mu huɗu a baya kamar kifin gwangwani. Muka haye kogin Kwara, muka wuce Ka'oje, shinge uku, ko'ina sai direba ya sauka ya yi gaisuwa. Sha ɗaya da rabi muka isa Tsamiya.

Kan iyaka

Ɗan kabu-kabun da zai kai mu Segbana ya ɗaga Bashiru zai aza shi kan tanki, ya ce, "Kai! Baba, yaron ga naka da nauyi shike."

Na ce, "Kilo ashirin ne kacal."

"Wa ya hwaɗi? Kullum jarkar fetur nika ɗauka, wallahi ya fi ta."

Na ce ya ja babur ya bar mini surutu, shi ba sikeli ba ne. Kaico! Da na san gaskiya ce a bakinsa.

A shingen Benin wani jandarma ya juya takardar likita, ya dubi ƙafafun yaron, ya miƙo mini ba tare da ya nemi ko sisi ba. Bayan la'asar muka shiga Kandi. Wani Bazabarme mai sayar da albasa ya sauke mu a zaurensa, ya kawo tuwon masara da miyar kuɓewa. Bashiru ya ci ya siɗe hannu, ya ce, "Baba, in an sa mini ruwan zan yi ƙwallo?" Na ce da yardar Allah.

Asibiti

Takwas na safe suka ɗora shi kan ma'auninsu. Wata ma'aikaciya ta duba, ta sauke shi, ta sake ɗorawa. Ta kira likita. Suka yi ta Faransanci, ni ina tsaye kamar gunki, har tafinta ya juyo.

"Malam, ashirin da huɗu ne, har da ɗoriya. Kwalaben da aka aiko na mai kilo ashirin ne."

Na ce, "To a sa masa abin da ke akwai mana, a cika daga baya."

Ya ce ba a haka. Jiki ba ya karɓar maganin nan sau biyu, in aka ba shi gutsure, ya tashi a tutar babu har abada. Na roƙa, har na durƙusa, ni da furfurata. Likitar ta ce za ta sake rubutawa, amma layi ne, kuma masu tafiya da ƙafarsu ake fara bai wa. Yaushe? Ba ta sani ba. Sai ta tambayi inda na auna shi. Da na faɗa, tafinta ya yi murmushin da ya ƙona mini rai, ya ce, "Sikelin mai saye ai baya yake ja."

Shekara goma sha wani abu ina kai wa Yaya shinkafata. Tun da aka kawo Shari'a ake bin kasuwa ana duba mudun mata masu gero, wa ya taɓa duba allurar sikelin mai babbar riga? Kilo huɗu a buhu ba ya ganuwa. A jikin ɗana ya ganu.

Komowa

Kwana biyu muka yi, zuwa da komowa. Ban ko shiga gida ba, da yaron a bayana na wuce rumfar. Yaya na auna wa wasu manoma.

Na ce, "Yaya, ka san allurar nan a baya take?"

Ya ja ni gefe yana waige-waige. "Rage murya. Da mi kaka so in yi? Rannan rumfa cike da manoma, in ce a ƙara huɗu?"

Na juya na bar masa rumfar, don abin da ke bakina ba a faɗa wa ɗan uwa.

Ina godiya ga Allah da ya maido mu lafiya, da Bazabarmen da ya ciyar da mu, da jandarman nan, da ɗan kabu-kabun da na yi wa tsawa. A ƙofar gida na sauke Bashiru don ya shiga da ƙafarsa kamar yadda ya ci buri da za mu fita. Uwarsa ta taho da gudu tana duba hannunsa, tana neman gurbin allura. Taku uku ya yi ya zauna.