Makullin Zaure

Ni na buɗe zauren nan da hannuna, a wani shagon intanet da ke kusa da kasuwar Wunti, lokacin da sai ka sha shayi ka dawo kafin shafi ɗaya ya buɗe. Akwai wata tsohuwar kafar hira ta masu rubuta manhajojin kyauta, irin waɗanda kowa ke da damar dubawa ya gyara. Babu hoto a cikinta, babu murya, rubutu ne zalla. Kowace ƙungiya da ɗakinta. Namu na masu mayar da manhajojin nan Hausa ne, muka sa masa suna zaure, muka kuma kafa doka: wanda ya shigo ya yi sallama, na ciki su amsa.

Duk wanda ya yi rajistar ɗaki, shi ke riƙe da makulli, shi ke shigarwa, shi ke korewa. Ranar rajista ina tare da wani dattijo ɗan unguwar Ƙofar Dumi, tsohon malaminmu na lissafi, wanda ya fara nuna mini yadda ake kunna kwamfuta. Da aka zo wajen rubuta sunan mai ɗaki, kunya ta kama ni. Yaya zan sa sunana ga babba a zaune? Na tura masa allon rubutu na ce, "Bismilla, Malam." Bai ko yi irin jan ajin nan na manya ba, ya rubuta sunansa.

Shekaru muka yi lafiya. Mun kai ashirin, daga malaman makaranta har da wani soja a barikin Shadawanka da ke gyara mana kurakurai. Muna zuwa sunan juna, muna zuwa duba marar lafiya. Sai ranar da Malam ya aika ƙamus ɗin kalmomin kwamfuta da muka haɗa tare zuwa ƙasar waje da sunansa shi kaɗai. Bakina ba ya riƙe magana, na faɗa masa a gaban kowa cewa wannan cin amana ne.

Washegari na yi sallama, shiru. Jibi ma haka. Ina ganin hirarsu tana gudu, ana raha, nawa rubutun kamar na jefa tsakuwa a rijiya. Na ce to, sun goyi bayan babba, sun ƙaurace mini. A cikin wannan hali mahaifina ya rasu. Na rubuta a zaure, na faɗi gidan da ake zaman makoki. Kwana uku ina kan tabarma, duk babur ɗin da ya tsaya sai na ɗaga kai. Babu wanda ya zo. Wannan abu ya ƙona mini rai fiye da yadda zan iya faɗa, na tsani mutum goma sha takwas da ba su yi mini komai ba.

Bayan wata biyu na haɗu da sojan nan a kasuwa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kai kuwa ina ka shiga? Ka zauna a zaure kamar gunki, ko sallama babu."

Na ce, "Ni? Har rasuwar Baba na sanar da ku."

Ya yi salati. A wayarsa ya nuna mini hirar makonnin nan, babu ko layi ɗaya nawa. Ashe akwai wani saiti da mai makulli ke sa wa mutum: kana ciki, kana rubutu, kana ganin abinka, amma mai makullin kaɗai yake karantawa. Malam ya ga sallamata kullum. Ya ga sanarwar rasuwa. Ya karanta, ya rufe.

Ban tare shi ba. Na bar zauren, na ajiye abin a raina, don ramuwar gayya ba ta son gaggawa.

Shekaru suka shuɗe, sai rikici ya ɓarke a can sama. Wani attajiri a ƙasar waje ya ce kafar hirar ta zama tasa, masu kula da ita don Allah suka yi fushi suka fice, suka kafa sabuwa, jama'a suka bi su. Can kowane ɗaki sai an sake rajista. Ina jin labari na bar tuwon rana a kwano na nufi kwamfuta. Wannan karon babu kunya, sunana na rubuta. Mutanenmu suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Malam ya yi mako biyu yana gadin kangon tsohon zaure, sannan ya biyo mu. Ban kore shi ba, korar ai sauƙi ce. Saitin nan nasa na sa masa.

Kullum da safe zai rubuta, "Assalamu alaikum." Ni kuma in amsa da bakina a ɗakina, don kada Allah Ya tambaye ni hakkin sallama, amma ba na taɓa allon rubutu. Sauran suka ɗauka girman kai ne ya hana shi magana. Ban gyara musu ba. Ya yi barkwanci, ya yi tambaya, har ya rubuta cewa in ya ɓata wa wani a yafe masa. "Wani" kawai ya rubuta, bai ambaci sunana ba.

Rannan sai ya sanar da ɗaurin auren ɗansa na fari, ranar Asabar bayan azahar, ya ce yana son ganin 'yan zaure kaf. Na karanta sau biyu. Na sa aka goge mini babbar rigata.

Na same shi a ƙofar masallaci yana leƙen bayan mutane, yadda na riƙa leƙen babura. Ya tsufa sosai. Ya kama hannuna da murna.

"Madalla, ka zo! Ina sauran? Suna hanya ne?"

Na ce, "Allah Ya sanya alheri, Malam. Ba wanda zai zo. Ni kaɗai na gani."

Bai tambaye ni me nake nufi ba. Na karɓi goro biyu, na tsaya har aka shafa fatiha.