Harafin da Gunvor Ba Ta Duba Ba

Shekara talatin da ɗaya Gunvor Marklund ta yi tana hawan turakun tarho a dazuzzukan arewacin Suwidin, har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Da ta yi ritaya sai ta koma ƙauyensu, Tallnes. Ba miji, ba ɗa, daga ita sai yayanta Helmer, sai kuma wani hali da aka san ta da shi tun tana yarinya: ba ta jure ganin an jefar da abin da bai mutu ba.

Wannan hali ne ya haɗa ta da tsofaffin wayoyi. Kamfani kan ƙera waya, bayan 'yan shekaru ya daina sabunta manhajar da ke tuƙa ta, waya lafiyarta ƙalau amma ta zama marainiya. To akwai wasu 'yan sa-kai a warwatse cikin duniya, ba su taɓa ganin juna ba, da ke haɗa tasu manhajar kyauta suna ɗora wa irin waɗannan marayu. Kowane samfurin waya da mai kula da shi. Gunvor ta ɗauki wani samfuri mai shekara tara da kowa ya juya wa baya. Duk Asabar takan kafa teburinta a kusurwar laburare, ga butar kofi ga tulin igiyoyin caji, tsofaffin ƙauyen na kawo wayoyinsu tana yi musu filashin, wato ɗora musu sabuwar manhajar. Ladanta burodin kirfa.

Ba ta taɓa ɓoye wa kowa iyakar abin ba. "Manhajar banki ba za ta buɗe ba," in ji ta. "Hoto kuma zai fito kamar an ɗauke shi ta cikin labule. In ka yarda, miƙo."

Abu ɗaya ne ya hana ta sakat. Wayoyin suna shiga intanet ta sabon sabis, amma in za a yi kira sai sun koma kan tsohon, domin ɓangaren da ke haɗa kira ta sabon sirrin kamfani ne, ba a ba 'yan sa-kai ba. Ga shi an ba da sanarwa za a kashe tsohon sabis a farkon Disamba, kuma turke ɗaya tal ne ke ba yankin sabis. Wata biyar ta yi tana fama har ta gano wata dabara. Ta gwada a wayarta, kira ya shiga garau. A watan Oktoba ta bi wayoyi ashirin da shida ɗaya bayan ɗaya ta ɗora musu gyaran, kowacce ta buga ta ji ta shiga, ta rubuta a littafinta.

Ranar Litinin ɗin da aka kashe tsohon sabis, da hantsi, maƙwabciyarta Majvor ta turo ƙofar kicin ko dusar ƙanƙarar takalminta ba ta karkaɗe ba.

"Ke injiniya, abar taki ta shiga yajin aiki. Sabis cike, na buga wa 'yata, ko ƙara ɗaya ba ta yi sai ta katse."

"Kin dai danna wani wuri, na san hannunki."

"Hannuna lafiyarsa lau. Ungo."

Gunvor ta buga lambarta, kira ya katse. Ta sake, ya katse. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi don gwaji ba, ta danna 112, lambar neman agaji. Wayar ta yi ɗan jim, ta koma fuskarta ta farko kamar ba a taɓa ta ba.

Ta buɗe shafin bayanin wayar, ta ajiye tata kusa da ita. Lambar samfurin iri ɗaya ce har ƙarshe, ban da harafi guda: tata B, ta Majvor F. Ta san tun tuni samfurin kashi biyu ne, kama ɗaya a waje, amma guntun da ke magana da turke daban ne a ciki. Shekara da shekaru duk abin da ta ɗora yana aiki a kan duka biyun, har ta manta da zancen. Ashe a Oktoba masu F ba su karɓi gyaran ba. Sulalewa suka yi suka koma tsohon sabis a ɓoye, kira ya shiga, ita kuma ta ɗauka an gama.

Ta jawo littafin, ta bi lambobin samfurin layi-layi. Tara ne masu F. Bakwai suna cikin ƙauye.

"Majvor, ga sunaye. Bi su gida-gida. Ki ce kada kowa ya dogara da wayarsa yau, kowa ya san maƙwabcin da zai ruga wurinsa."

"Sauran biyun fa?"

Gunvor ta riga ta ɗauki makullin mota. Ɗaya Helmer ne, mai shekara saba'in da huɗu, wanda aka yi wa aikin zuciya bara, kuma duk Litinin yana daji shi kaɗai da injin yankan itace. Ɗayar kuwa Elvy Stenlund ce, tsohuwa mai shekara tamanin da uku, da ke zaune ita kaɗai a tsallaken tafki. Masu zuwa duba ta sai yamma.

A mararraba ta taka birki. Hagu daji, dama gidan Elvy, kowanne tafiyar kusan minti arba'in. Ta ce a ranta Elvy tana cikin ɗumi, iyakarta kujera da rediyo, shi kuwa yana tsakanin injin da bishiya. Ta karya hagu.

Ta tarar da motar Helmer a bakin hanya. Ta kashe tata ta kasa kunne. Babu ƙarar injin, babu komai. Ta bi sawunsa, ƙanƙara har gwiwa, tana kiran sunansa muryarta na dawo mata. Sau biyu ta faɗi. Can ta hango bishiya a kwance, da jar hularsa a ƙasa kusa da ita, sai ta nufi wurin da sauri.

"Yaya!"

"Wa ya mutu?"

Yana bayan bishiyar a zaune kan kututture, ya hura 'yar wuta, yana gasa tsiran alade a tsinke.

"Wayarka ba ta kira. Ko 112 ba ta kira."

"Shi ne kika taso kamar an koro ki? Shekara sittin ina shiga dajin nan, hamsin daga ciki ba waya."

"Lokacin zuciyarka ba ta da faci. Tashi, tattara."

"Ikon Allah. Yau ƙanwa ce ke ba da oda." Amma da ya dubi fuskarta sai ya kashe wutar da ƙafa. "Akwai wani, ko?"

"Elvy."

"To me kike jira? Je ki, ina bayanki."

Ƙarfe ɗaya ta wuce lokacin da ta isa tsallaken tafkin, rana har ta fara sunkuyawa. Ba hayaƙi a bututun gidan. Ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta murɗa ƙofa ta buɗe, sanyin ciki ya tarbe ta.

Elvy tana kwance a ƙasan kicin, gefen murhu, itacen da ta ɗebo a warwatse, ƙafarta ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Leɓunanta sun yi shuɗi. Wayar tana hannunta, ta ƙanƙame ta a ƙirji.

"Gunvor ce? Yarinya, abin nan naki ba ya jin magana."

Gunvor ta cire rigar sanyinta ta lulluɓe ta, ta buga 112 da tata wayar, kira ya shiga nan take. Minti hamsin motar asibiti ta yi kafin ta iso daga garin Lycksele. Helmer ya hura murhu, ita kuma ta durƙusa tana murza hannuwan tsohuwar, tana ja mata hira don kada barci ya ɗauke ta. A nan ta ji cewa tun wajen sha ɗaya da rabi Elvy ta faɗi. A daidai lokacin Gunvor tana ratsa ƙanƙara a daji.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Likita ya ce da an kai yamma, sanyi ne zai gama da ita.

Washegari Gunvor ta shiga dandalin 'yan sa-kai ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa ta janye manhajar daga duk waya mai F, kuma duk mai irinta da ke inda aka kashe tsohon sabis ya daina dogara da ita. Ta bayyana kuskuren nata dalla-dalla, ba ta rage komai ba. Wasu suka gode. Wani ya rubuto daga wata ƙasa cewa tasa tana aiki lafiya, don me za a yanke masa sabuntawa saboda wani ƙauye da ko a taswira babu shi. Kafin ƙarshen mako ta samo wa mutum taran wasu wayoyin, kowacce ta buga da ita a gaban mai ita.

Sai ranar Juma'a ta iya tunkarar asibitin. Ta tsaya a bakin gado, hula a hannu.

"Sau nawa kika buga, Inna?"

"A sha ɗaya na bar ƙirge. Har na fara zaton kunnena ne ya mutu."

"Laifina ne. Kuma da na zo mararraba, wajen Helmer na fara zuwa."

"Na sani, Majvor ba ta bar komai ba. Ɗan'uwanki ne, da wajen wa za ki fara?" Elvy ta ɗaga ido ta kalli silin. "Amma ƙasan nan akwai sanyi, Gunvor. Ba zan ce miki babu ba. Zauna, kin tare min taga."

Ta zauna. Har lokacin ziyara ya ƙare ba su ƙara tayar da zancen ba.

Gunvor ta ci gaba da neman hanyar da masu F za su yi kira har ƙanƙara ta narke, ba ta samu ba, kuma ba wanda ya samu. Elvy ta tashi, tana takawa da keken dogarawa, sai dai 'ya'yanta ba su yarda ta koma zaman kaɗaici ba, suka samar mata ɗaki a gidan tsofaffi a Lycksele. A watan Yuni aka sayar da gidan tsallaken tafkin. Gunvor da Helmer ne suka kwashe kayan, sawu uku a motarsa.