Man da Yaya ya zuba

Inna ta rasu da hantsi, a tsakiyar damina, a ƙauyenmu da ke can gaban Doguwa. Ƙanena ne ya bugo mini waya ina tsakar gida a Ƙofa, inda nake aure. Ya ce za su jira ni zuwa azahar in ga fuskarta kafin a ɗauke ta, amma ba za su wuce nan ba, don hadari na haɗuwa.

Daga Doguwa zuwa garinmu da damina ba kowace mota ke shiga ba. Laka ce da duwatsu da rafi. Yayan maigidana yana da wata tsohuwar akori-kura mai ja da ƙafa huɗu, ita ce ke iya hanyar. Da ya ji rasuwar ya ce shi da kansa zai kai ni. Na yafa mayafi na tsaya a soro ina jira.

Aka murɗa makulli. Ta yi gurnani, ta kama, ta yi tari, ta mutu. Aka sake, haka. Kafin ka ce me maza sun cika ƙofar gida, kowa ya zama bakanike. Wannan ya ce batir ne, aka kwance kan batir aka kankare shi da wuƙa. Wancan ya ce filogi ne, aka zaro su aka goge aka hura aka mayar. Aka tura ta gangaren masallaci, ta kama, ta yi ɗan gudu, ta sake shaƙewa. Suka turo ta suka dawo suna haki.

Ni kuwa na san abin da ke damunta, wallahi na sani. Jiya da yamma ina kwashe shanya na hango Yaya ta kan katanga. Ya zuƙi man motar da tiyo ya zuba wa babur ɗinsa, sannan ya ɗauko jarkar ragowar man injin ban-ruwa, wanda suka yi noman rani da shi a Tiga, ya juye a tankin motar. Jarkar nan tun farkon damina take yashe a bayan rumbu, ba murfi, totuwar masara ce aka toshe bakinta da ita. Duk ruwan da aka yi a kanta ya sauka.

Na aika aka kira mini maigidana cikin soro.

“Malam, ruwa ne a man. Na ga Yaya ya zuba na jarkar bayan rumbu. A tsiyaye tankin kawai.”

Ya waiga ya ga ko wani ya ji. “Ke, rufa mini asiri. In fita gaban mutane in ce Yaya ne ya ɓata motarsa? Da wane bakin?”

“To ka ja shi gefe mana.”

“Shi bai san abin da ya zuba ba ne? Ki yi haƙuri, yanzu za ta tashi.”

Nan ne abin ya fi ci mini rai. Ashe Yaya ya sani! Yana tsaye da hannu a baya yana cewa a duba kwayil, a duba waya, alhali ya san inda ciwon yake. Na ce to a kai ni titi in hau ta haya, in na isa Doguwa in nemi ɗan acaɓa ko da zan ƙarasa da ƙafa. Maigidana ya ce Yaya ya riga ya ce zai kai ni, in na tafi a ta haya an watsa masa ƙasa a ido. Uwata tana kwance an rufe ta da zane, su kuma ta idon Yaya suke.

Sai da rana ta take tsaka aka haƙura aka ɗauko bakanike daga bakin kasuwa. Bai yi wata doguwar magana ba. Ya cire tiyon mai ya tsiyaya a kwalba ya ɗaga sama. Ga fetur a sama, ga ruwa kwance a ƙasa, kowa na gani. Yaya ya girgiza kai ya ce masu sayar da mai a bakin titi ba su da tsoron Allah. Maigidana ya ce wallahi kuwa, Yaya. Ina ji daga soro.

Aka zubar da man, aka wanke kafireto, aka sayo sabon mai. Bugu ɗaya ta tashi.

Mun wuce Tudun Wada kenan wayata ta yi ƙara. Ƙanena ya ce sun jira har an idar da salla, liman ya ce kada a ƙara riƙe ta, ga ruwa ya taso. Ya ce, “Yaya, ki yafe mana, an tafi da ita.” Ban yi kuka a motar ba. Na ƙi in yi a gaban su Yaya.

Da muka isa, ɗakinta a share yake, an naɗe tabarmar an jingine. Bayan ɗaki, inda aka yi mata wanka, ƙasa ba ta bushe ba. Nan na tsuguna na daɗe.

Ina nan gwaggona ta zo ta dafa ni. Ta ce in tashi in je zaure in yi wa yayan mijina godiya, mutum ya bar aikinsa ya kawo ni da motarsa cikin wannan laka. Na tashi na je. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, “Yaya, an gode, Allah ya saka da alheri.”

Ya ce, “Ba komai, ai yi wa kai ne.”