Irin Albasar Mutumin Damagaram

Ni da yayana noman rani muke yi a bakin kogin Wudil, ta wajen Dagumawa. Yaya yana da wani amini, dattijo mutumin Damagaram, wanda ke kawo shanu kasuwa. A gidanmu yake sauka, ya zo mana da dabino da kanwa, ya koma da gero.

Wata shekara ya zo da ƙulli a tsumma, ya kwance a gabanmu. Irin albasa ne, wanda ya gada a wurin mahaifinsa. Rijiyar lambunsa ta ƙafe, shi kuma iri idan ya daɗe a ajiye mutuwa yake. Duk abin da ya rage masa ke nan.

"Malam, ku kuna da ruwa," in ji shi. "Ka raya mini shi. In na samu rijiya na dawo na karɓa."

Yaya ya ɗauki abin da zafi. Bai yarda ya zuba irin a tudu ba, sai can ƙasa a gaɓar kogi, inda laka ta fi kyau. Haka iyayenmu ke yi. A saninsu kogi ba ya cika sai sama ta yi hadari, mu kuwa muna tsakiyar rani. Irin ya fito shar, har maƙwabta na zuwa kallo.

Abin da muka manta shi ne, yanzu kogin nan ba hadari yake bi ba. Yana hannun wasu mutane can sama da ke riƙe da madatsar ruwa. Wata Juma'a muna masallaci, rana tsaka, suka saki ruwa. Kafin mu sauko ya shafe gaɓar gaba ɗaya.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ina wahalar sanarwa? Gidan rediyo na nan, mai unguwa na nan, kowa da waya a aljihu. In zaɓe ne ai sun san hanyar gidajenmu. Yaya ya shiga ruwa har ƙirji yana lalube, ya fito da laka kawai a hannu.

Da dattijon ya dawo, fuskarsa a sake. Tun a gaisuwa ya ce rijiya ta samu. Yaya ya kasa ɗaga kai, ni na faɗa wa dattijon abin da ya faru. Na tura masa irin albasa na gwangwani da muka sayo a Sabon Gari, ina jin kunya kamar na yi sata.

Bai taɓa gwangwanin ba. Ya ce, "In daga Allah ne, na haƙura. Amma kun ce mutum ne ya buɗe. Wane ne shi? Ina so in je in gaya masa abin da ya ɗauke."

Muka dubi juna ni da Yaya. Babu wanda ya san ko sunansa.