Doguwar Motar da Ta Ci Aikin Yaya

Yayana a sayar da motoci ya tsufa. Tun ina makaranta yake kamfanin nan, shi ne ma ya sa baki aka ɗauke ni direba. A wurin aiki ba mai kiran sunansa na yanka, Sai-a-Gida ake ce masa. Duk wanda ya zo taya mota, Yaya ba ya yarda a ƙare magana a shago. Zai kaɗa makulli ya ce, "Ranka ya daɗe, sai a gida." A tuƙa mota har ƙofar gidan mutum, uwargida ta leƙo, yara su hau tsalle, maƙwabta su fito wai shan iska. To wane namiji ne zai bari a juya da mota bayan maƙwabta sun gani? Da wannan dabarar Yaya ya ci da iyalinsa, ya kuma ci da mu ƙannensa.

Sai zamani ya juya. Aka ɗebo samari masu ɗamammun riguna, suna zaune a sanyi suna latsa waya, mota ta fita ba su ko tashi daga kujera ba. Sabon manaja ya fara kallon Yaya kamar tsohon kabad ɗin da aka rasa inda za a kai.

Ana haka aka kawo doguwar. Wallahi mota ce! Baƙa wuluk, tsawonta ya cinye wurin ƙananan motoci biyu. Kujerun fata, ta baya tana kwantawa, ga labule a tagogi, in aka tayar da injin sai ka kasa kunne kafin ka yarda yana aiki. Ranar da aka yaye mata mayafi shago ya cika maƙil. Kowa ya shafa, kowa ya jingina an ɗauke shi hoto, kowa ya ce ma sha Allah. Daga nan kuma sai su zarce wajen jif. Ban ga laifinsu ba. Da waɗannan ramukan na titi, wa zai sayi motar da cikinta ke kusa da ƙasa, ga shan mai kamar an huda tanki?

Manaja ya kira Yaya, a gabana, ko kunyar furfurarsa bai ji ba.

"Baba, motar manya ce, kai kuma ka san manya. In ta fita, kana nan. In wata ya ƙare tana tsaye, sai dai ka je ka huta."

Haushi ya kama ni, amma shi Yaya murmushi ya yi. Abin da ya fi ba ni takaici ke nan: son motar yake yi tsakani da Allah. Kullum da safe da hankicinsa yake goge madubinta. Ya bi tsofaffin abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya rasu, wani ya ce 'ya'yansa ne ke zaɓa masa yanzu, wani ya sha lemo ya yaba ya tafi. Yaya ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Matarsa ta ce min ko abinci sai ta yi da gaske yake taɓawa, ga autarsu ba ta gama makaranta ba.

Wata na gab da ƙarewa sai ga wani tsohon likita da sandarsa. Ya ce gwiwoyinsa sun gaji da hawa jif, kullum sai an tallabe shi kamar buhu. Yaya ya buɗe masa ƙofar baya. Tsohon ya zauna, ya miƙe ƙafafu, ya lumshe ido.

"Kai, alhamdu lillahi," in ji shi. "Kawo takardun in sa hannu."

Ni dai na ji sanyi har cikin raina. Sai kawai na ji ƙarar makulli.

"Ranka ya daɗe, sai a gida."

Na ja hannun rigarsa, na rage murya. "Yaya, don girman Allah! Mutum ya ce zai sa hannu. Gidan me kuma?"

"Kai yaro ne. Uwargida ba ta gani ba, a ce an sayi mota?"

Yaro! Ni da ke da 'ya'ya a sakandare. Na haɗiye, na shiga na tayar.

Hanya lafiya lau, ina kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai, likita har da gyangyaɗi. Muka isa. A bakin get ɗinsa akwai 'yar gadar siminti a kan kwata, mai tozo a tsakiya, wadda jif ke hayewa ba ta ko sani ba. Na taka birki.

"Yaya, ba za ta hau ba."

"Shiga a karkace."

Na shiga a karkace. Ƙuuu! Ƙarar nan har cikin haƙorana na ji ta. Mota ta zauna daram a kan cikinta, gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Maƙwabtan da Yaya ke so su fito kuwa suka fito, har da masu ba da shawara. Uwargida ta leƙo, ta riƙe haɓa, ta koma ciki. Da katako da duwatsu muka ciro ta, Yaya durƙushe a bakin kwata da fararen kayansa.

Likita ya dafa kafaɗarsa. "Allah ya yi maka albarka da ka kawo ta. Da na sa hannu ban sani ba."

Albarkar ke nan. Manaja ya leƙa ƙarƙashin mota, ya ga ƙarcen, bai ko ɗaga murya ba. Wata na ƙarewa Yaya ya ajiye makullai a tebur, ya ɗauki hankicinsa ya fita.

Ba a jima ba sai ga likita ya dawo da sandarsa. Ashe magina ya sa suka fasa gadar suka shimfiɗe ta, don tun ranar gwiwoyinsa ba su manta da kujerar nan ba. Ya tambayi ina dattijon nan mai gaskiya yake, manaja ya ce yana hutu. Ɗaya daga cikin masu latsa waya ne ya miƙa masa biro. Ni na kai motar, ta shige get sumul, ina tuƙi ina cizon leɓe.

Da yamma na biya gidan Yaya. Na same shi a tabarma yana gyara wa autarsa maɗaurin jaka. Na zayyana masa komai, ina huci, ina jira ya zagi manaja ko sau ɗaya ne in ji daɗi. Ya ɗago, allura a hannu.

"Uwargidan fa? Ta fito ta gani?"

"Ta fito, Yaya. Har ta shiga ta zauna."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da ɗinkinsa.