Ranar da Ciwon Abokina Ya Tashi a Porto-Novo

Assalamu alaikum, Edita. Na daɗe ina karanta labaran da jama'a ke aiko muku, yau na ce bari in faɗi nawa, ko Allah zai sa wani ya amfana.

A lokacin ina aji uku a jami'a a Samaru, saurayi mai rawar kai wanda bai san wani ciwo ba sai zazzaɓin damina. Gidanmu yana Dogarawa. Babban abokina ɗan Sabon Gari ne, Kirista, iyayensa 'yan kudancin Kaduna. Tun sakandare muke tare, har mahaifiyarsa ba ta kirana da komai sai ɗana, ni kuma in ce mata Mama. Yana da sikila. Na san sunan ciwon, na san yakan ɓace daga aji ya dawo a rame, amma ban taɓa ganinsa cikin ciwon ba, don ba ya yarda a je duba shi sai ya warware.

Ana cikin wani dogon yajin aikin malamai ya zo mini da shawara. Ya ce tunda aka haife shi bai taɓa wuce Jos ba, kullum ana tattalinsa kamar ƙwai, ya gaji. Yana so mu ɗauki jakunkunan goyo mu hau jirgin ƙasan da ke bi ta Zariya zuwa Legas, daga nan mu shiga mota mu tsallaka Porto-Novo, babban birnin Jamhuriyar Benin, ko sau ɗaya ya taka ƙasar da ba tasa ba. Da muka gaya wa Mama, ta daɗe tana tsintar wake a faranti ba ta ɗago ba. Daga baya ta ce ba za ta hana shi ba, amma ni ta kalla, ba shi ba. Ta ce in tabbata yana shan ruwa sosai, kada sanyi ya kama shi, kada ruwan sama ya dake shi, in ya ce ya gaji a zauna. Na ce to Mama, alhali hankalina ya riga ya hau jirgi.

Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan tafiya ba. Tun daga tashar Sabon Gari kansa ke wajen taga. Ya sayi rake, ya sayi soyayyar doya, ya yi abota da wata tsohuwa mai kai barkono kudu har ta ba shi gurasarta. Da muka hau gadar Jabba ya ga faɗin kogin Kwara, sai ya riƙe hannuna. Amma kafin nan jirgin ya daɗe a tsaye cikin daji, ga zafi, ga banɗaki ya ƙazantu, shi kuwa mutum ne mai ƙyanƙyami, sai ya rage shan ruwa don kada ya riƙa shiga. Na ga gorarsa a cike, na tsokane shi da cewa ya zama raƙumi, muka yi dariya, maganar ta wuce.

Porto-Novo gari ne mai natsuwa. Muka ga babban masallacinsu wanda aka gina shi tamkar coci, ya ce yau dai ya sami ginin da ni da shi ba wanda zai yi wa wani gori. Da la'asar muna bakin ruwa muna kallon masu kwalekwale hadari ya haɗo. Ya ce mu fake, na ce ai masaukinmu ba nisa, mu taka kawai. Muka isa jiƙe sharkaf, muna ta nishaɗi.

Washegari da hantsi na dawo daga sayo burodi na tarar da shi a ƙasa, ya duƙunƙune, ya cusa tawul a baki don kada a ji kukansa. Idanunsa sun yi rawaya. Na taɓa ƙafarsa ya zabura kamar na ɗora masa wuta. Maganin da ya sha bai yi komai ba. Na goya shi na fito titi, ban san Faransanci ba sai gaisuwa, ina ta salati ina tare mutane suna kallona. Wani dattijo ɗan acaɓa ya ji bakina, ya tsaya ya tambaye ni da Hausa me ya sami ɗan'uwana. Mutumin Dogon Dutsi ne, ya daɗe a garin. Ya ɗauke mu mu biyu zuwa asibiti, ya ajiye babur ɗinsa ya zama tafintanmu.

Likita ya ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara masa, kuma irin nasa ya ƙare a wurinsu. Na miƙa hannu da sauri. Bayan gwaji suka ce nawa ba zai yi masa ba, domin ni ma ina ɗauke da rabin sikila, abin da ake kira AS. Ranar na fara sani. Dattijon ya ce in kwantar da hankalina, zai je masallacin unguwarsu ya yi magana bayan azahar. Cikin ruɗewa, ina tsoron kada a zo a fasa, na ce masa, "Baba, abokin nan nawa fa Kirista ne." Ya dube ni ya ce, "Yaro, jini aka ce ana nema. Ban ji an ce liman ake nema ba." Ya dawo da 'yan acaɓa da mahauta, suka jeru a benci, aka sami masu irin jininsa. Ba wanda ya tambayi sunansa.

Abin da ya fi mini wuya shi ne kiran Mama. Na gaya mata komai, har ruwan saman. Ta tambaya ko yana numfashi daidai, ko yana gane mutane. Na ce e. Sai ta ce, "Kai fa, ɗana, ka ci abinci?" Na zauna a ƙasan barandar asibitin na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro.

Allah ya tashi kafaɗun abokina. Dattijon nan kullum sai ya kawo mana tuwo da miyar kuka daga gidansa, har muka kamo hanya a mota. A hanya na roƙi abokina gafara, ya ce in bari, shi ya san abin da yake yi da ya ƙi shan ruwa, kuma da za a sake ba shi zaɓi sai ya sake zuwa. Ni kam ba zan iya faɗin haka ba. Na ga yadda ya kusa tafiya a bayana.

Bayan shekaru na sami yarinyar da nake so, na nace mu yi gwaji kafin a kai gaisuwa. Ita ma AS ce. Muka rabu muna son juna, don na ga abin da ɗanmu zai iya fuskanta. Wannan abokin nawa ne ya riƙa zuwa Samaru yana zama da ni wurin mai shayi har na dawo daidai. Yanzu malamin makaranta ne, yana da 'ya'ya, kuma shi ya yi mini babban aboki da na yi aure daga baya.

Ba na cewa a kulle mai sikila a ɗaki, su ma suna da hakkin ganin duniya. Amma in za ka raka shi, ka san ciwon tukuna, ka san inda asibiti yake kafin ka san inda ake kallo. In uwarsa ta ba ka amana, ka saurare ta da kyau, ita ta yi jinyar da kai ba ka gani ba. Samari da 'yan mata kuma ku yi gwajin jini tun soyayya ba ta yi nisa ba. Dattijon nan ban sake ganinsa ba, lambar da ya ba ni ta daina shiga. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa shi a addu'a.